Magini da Garin da Ya Zaɓa

Tunda ka ce kana auna garin da za ka koma ka zuba dukiyarka a filaye da gidaje, gyara zama in ba ka misalin wani magini.

A wani ƙaramin gari aka haife shi, kuma hannunsa na da albarka, katangar da ya ja ba ta karkata. Ya fara da gina wa mutane, har Allah Ya buɗa masa ya riƙa sayen fili yana ginawa yana zuba 'yan haya. Sai dai garin nasu ba ya motsi, fili sai ya shekara da shekaru darajarsa na nan inda take. Ya ɗaura aniyar neman inda ƙasa ke tsada da wuri, ya shiga zaga birane. Wani ya tarar an riga shi, manya sun cinye bakin titi. Wani kuwa sai an sha haƙa kafin a ga ruwa. Can nesa ya iske wani gari ana shimfiɗa masa sabuwar kwalta, ana shirin mayar da tashar mota bayan gari, gonaki ana ta yanka su fuloti-fuloti a arha. Ya tambayi kuɗin yashi, ya tambayi inda ruwan sama ke bi da damina, ya murza ƙasar wurin a tafin hannunsa ya ji ƙarfinta. Duk abin da ya shafi gini bai bar ko ɗaya ba. Ya dawo gida, amma zuciyarsa ta riga ta tare a can.

Jarinsa bai kai ba, sai ya sa rabonsa na gidan gado a kasuwa, sashen da ɗakin marigayiya mahaifiyarsu yake. Yayansa, wanda manomi ne, ya same shi ya ce, “Ka yi mini haƙuri zuwa kaka, in na kai amfanin gona gida ni zan saya. Kada bare ya shigo tsakaninmu.” Ya ce, “Yaya, fili ba ya jiran kaka.” Aka sayar wa wani baƙo. Shi da kansa ya ja katangar da ta raba tsakar gidan biyu, shi ne aikinsa na ƙarshe a garin. Matarsa Tabawa ba ta yi musu ba. Ta raba kajinta ga maƙwabta, ta shiga mota tana share ido da bakin mayafi.

Hangensa bai yi ƙarya ba. Tasha ta zo, kasuwa ta biyo ta, inda ya saya yana jeji ya koma tsakiyar unguwa. Ya jera gidaje har aka riƙa kwatance da su. A gida kuwa ana ta haihuwa ana mutuwa. In an aiko masa da goron suna, yana kan rufi. In ɗaurin aure ne, ya faɗo daidai da cinikin wani fili. Gaisuwarsa ta koma ta waya. Da yayan ya rasu ya ce zai je bakwai, bakwai ta wuce ya ce arba'in, ita ma ta wuce. Daga nan aka daina sanar da shi komai, shi kuma bai lura an daina ba.

Tabawa ce ta sha kaɗaicin. 'Ya'yansu mata biyu aure ya kai su wasu garuruwa. Maƙwabtanta duk 'yan haya ne, da ta fara sabawa da mace har suna miƙa wa juna gishiri, sai wa'adi ya cika su kwashe kaya. Da ciwo ya kwantar da ita, maginin ne ke dama mata kunu da hannuwan nan da siminti ya cinye. Ta cika wata safiya, mutane duk sun watse wuraren aiki. Sai da ya bi ƙofa ƙofa yana sallama kafin ya sami tsohuwar da za ta yi mata wanka. Sahu ɗaya bai cika ba a wajen sallar. Da yamma wani ɗan haya ya zo ya durƙusa ya ce, “Allah Ya jiƙan Hajiya.” Sannan ya ƙara da cewa, “Af, Alhaji, ɗakin namu fa har yanzu yana yoyo.”

Bayan kwanakin zaman makoki ya kama hanyar garinsu, yana tunanin ya ƙarasa sauran kwanansa cikin dangi. 'Ya'yan yayansa suka tarbe shi da ladabi, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwanon da ake ajiyewa don baƙi. Babban cikinsu ya rusuna ya ce, “Baba, kwana nawa za ku yi mana?” Da aka idar da la'asar, limamin unguwa, matashi ne, ya ba shi hannu ya tambayi baƙo daga ina. Maginin ya faɗi sunan mahaifinsa. Liman ya ce, “Allah Ya jiƙan sa. Ashe yana da wani ɗa?” Washegari ya koma tasha ya hau motar da za ta mayar da shi wajen 'yan hayarsa.

Ban ce kada ka tafi neman arziki ba, ƙasar Allah da faɗi take. Amma in kana tambayar kuɗin fuloti, ka haɗa da tambayar wanda zai tsaya maka ranar da ba ciniki ya tara mutane ba, kuma kada ka toshe hanyar da ka fito. Magabata sun riga sun faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.