Rubutun Bayan Randa

"Baba, ina kwalbar da ke bayan randa?" in ji yaron, a ƙofar lakol, makarantar bokon Gidan Rumji.

Uban ya gyara zaman hularsa. Da furfurarsa ya shiga jarrabawa ɗaya da ɗansa, ya kuma rantse a majalisa sai ya kayar da shi. Shi ya sa da asuba ya lallaɓa ya shanye rubutun malam, kada sa'ar ta tafi ga yaron.

"Na shanye. Sai ka dogara da ƙwaƙwalwarka."

"Nawa tun jiya na sha, Baba. Wancan na Inna ne, na sauƙin naƙuda."

Aka raba takardu. Kowa ya duƙufa, ban da dattijo guda da ya dafe cikinsa da hannu biyu, yana sauraron motsi.