Farar Bukkar Gonar Jildiz

Kubat bai gama fitowa daga mota ba ya toshe hanci. Bukkokin saukar baƙi na gonar suna can bayan gidan, kusa da garken tumaki, kuma gashin da aka lulluɓe su da shi ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Shi da ya baro ofishinsa a babban birni Bishkek don ya ɗanɗani zaman kakanni, a nan za a ajiye shi?

Sai idonsa ya faɗa kan wata farar bukka a ƙofar gida, babba, sabuwar kafawa. Gefe an yanka doki ana feɗewa, mata na ta suyar ƙullu, ba mai ɗaga kai. Kubat ya gyara kwalar riga. Ashe dai labarin zuwansa ya riga shi.

"Yallaɓai, wannan ba ta baƙi ba ce," in ji Jildiz, matar gidan, idanunta jawur. "Ta surukina ce. Yana hanya daga garin Narin."

"Tsoho ai ya saba da warin tumaki, 'yar nan. Ku ba shi ta baya."

Ta buɗe baki, aka ƙwala mata kira daga wajen tukwane. Kubat ya cire takalmi ya shige farar bukkar.

Darduma kan darduma. An ja labule a ɓangare guda, bayansa shimfiɗa ɗaya tal, ba ko lanƙwasa. Ya leƙo waje ya ga maza na ta sauka daga dawakai da motoci, suna tsayawa jikin bukkar kai a sunkuye. Ya ɗaga musu hannu. Ladabin ƙauye daban ne, a Bishkek ko direbansa ba ya sunkuyar masa da kai haka. Ya miƙe a shimfiɗar, ya ja mayafi har fuska saboda ƙuda, barcin rana ya kwashe shi.

Muryoyin mata suka tashe shi, suna rera wata waƙa mai tsawo, har da shessheƙar kuka. Ya yaye mayafi ya zauna don ya gode musu. Wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara ta zube.

Jildiz ta ɗage labulen. Bayanta maza huɗu ne, ɗauke da wani abu naɗe cikin darduma.

"Yallaɓai, ka matsa, gawar surukina ta iso. In kuma shimfiɗar ta yi maka daɗi ka zauna, amma kabari ɗaya muka haƙa."