Ɓarawon 'Ya'yan Agwagina

"Baban yara, wata ma ta ɓace!"

Na sake ƙirga 'ya'yan agwagin. Kullum sai an ɗauke mini ɗaya. Na ce shaho ne, na lulluɓe tsakar gida da raga. Na ce gafiya ce, na toshe duk wani rami da siminti. Na kawo dinya biyu masu masifa su yi gadi, ba abin da suka kama sai zanina.

Daga nan na dira kan muzurun maƙwabciyata. Ta kan katanga na wanke ta tas, har yau ba ma gaisawa.

Sai dabara ta faɗo mini: muzuru ba ya son ruwa. Da ma 'ya'yan agwagin sukan ɗan yi iyo a kwamin da maigida ke kiwon tarwaɗa. Na kora su ciki su wuni, na tsare bakin ƙofa da muciya. A ranar, guda biyu suka ɓace.

"Maman yara, za ki sa wa kanki hawan jini," in ji maigida. "Zauna, yau ni zan gyara mana kifi. Kin ga ƙibar da suka yi kuwa? Ga shi ko abincinsu ba sa ci sosai."

Ya kamo wata ƙatuwa, ya farke cikinta. Sai na ga ya ƙura wa cikin ido.

Na leƙa. A bakin wuƙar, ga 'yar ƙafar agwagwa.

Muzurun kuwa yana kan katanga, ya zuba mini ido.