Rabon Mai Kiwo

Mahauci ya riga ya kwantar da tunkiyar don yanka kafin tsohon makiyayin ya sauko daga tsaunin Mokhotlong.

"Ntate," ya ce wa mai dabbar, wato maigida a harshensu, "da ka ba ni kiwonta mun yi da kai: naman naka, gashin nawa. Lokacin aske gashinta ya kusa."

"Rasuwa aka yi, baba. Masu makoki za su jira askinka?"

"To a bar min fatar."

"Fata a jikin nama take."

Makiyayin ya tuna hunturun da ya saɓo ta cikin ƙanƙara. Ciyawa ɗaya ya nemo mata, bai taɓa ware ta nama da ta gashi ba.

Aka yanka ta. Mahaucin ya tsinto curin gashin da jini ya manna a wuƙarsa, ya miƙo masa.

"Ungo rabonka."