Kazar Mai Ɗori

Mai ɗori ya karya ƙafar kazata, ya ɗaure ta kamar yadda ya ɗaure wuyan hannuna. "Duk abin da ya same ta, ya same ka," in ji shi. Ban gaya wa Mama ba.

Wata da watanni kazar ba ta taka ba, ƙashina bai haɗe ba. Ƙarshe a asibiti aka yanko ƙashin ƙuguna, aka dasa a karayar.

Mama ta zo dubiya daga Anguwan Rukuba.

"Dantong, kazarka ta miƙe jiya, amma jini na zuba a ƙugunta, ba wanda ya taɓa ta."

"Tana ina, Mama?"

"Kar ta mutu a banza. Na baro babanka yana wasa wuƙa, farfesu za mu yi maka."

Na ji sanyin ƙarfe a maƙogwarona.