Jar Kyanwa a Hoto

Tun da aka kafa dokar hoto, ƙofar unguwa ba ta buɗe wa duk wanda bai yi kama da hotonsa ba. Yau ta ƙi buɗe wa Madara, farar kyanwar Hajiya Turai.

"Tawa ce fa!" Hajiya ta daka wa mai gadi tsawa. "Mai hoto ne ya mayar da gashinta ja, don ta dace da kujeruna!"

"Ja aka yi wa rajista, Hajiya. Ki sa mata lalle, ko hukuma ta ɗauke ta."

"Lalle? Amarya ce?"

Ya duba na'urarsa, ya dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta.

"Ki haɗo da baƙin rini, Hajiya. Gobe ke ce ba za ki shiga ba."