Matar da Ba Ta Hau Galili Ba

Kin ce mini Istar bana ta wuce ki, kina ɗaki da yara masu zazzaɓi har aka gama waƙoƙi, kuma kin rasa gane ko idin nan da ke a ciki. Ba ni da shiryayyar amsa, 'yata. Ga dai wani misali, ki juya shi da kanki.

An yi wata mata mai ƙuli-ƙuli a wani ƙauye da ke gindin dutse. A garin nasu, ran Litinin ɗin bayan Ista, ikilisiya duka takan hau dutsen nan. A ranar kaɗai suke kiransa Galili, don an ce da Almasihu ya tashi daga matattu, can ya riga masu binsa. A ɗauki tukwanen shinkafa da kunun zaƙi, mata su sha anko, a yi ta kaɗa tulu, da yamma a sauko ana cewa, "Mun sadu da shi." Matar nan shekara tara tana hawa. Abin da take saukowa da shi ciwon gwiwa ne da tukunya ba komai, don kullum ita ake bar wa ludayi. Ta rasa gane ko sauran suna ganin wani abu ne da ita ba ta gani, ko faɗa kawai suke yi, kuma kunya ta hana ta tambayar ko da matar fasto. Sai tsoro ya fara shigarta, ko Ubangiji ya san kowa a dutsen nan ban da ita. A shekara ta goma ta ƙudura, bana ba tukunya ba ludayi. Ta yi azumin Jumma'a Mai Kyau, ta karɓo ankonta wurin tela tun da sauran mako guda, ta roƙi maƙwabciya ta zauna mata da tsohuwarta.

Tsohuwar nan uwarta ce, tsufa ya rikita ta har tana kiran akuya da sunan mijinta da ya rasu. Matar kuwa 'yar fari ce, kin kuma san al'adarmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Shekara arba'in da biyar ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai "ke", sai "waccan", in an matsa, "mai ƙuli". Da safiyar Litinin ɗin, ta ɗaura ɗankwali ke nan sai ta hango maƙwabciyar a cikin ayari, ta manta da alkawari, tana gaba tana ba da waƙa. Matar ta leƙa ɗaki, ta tarar tsohuwa ta ɓata shimfiɗarta. Kiɗan tulu kuwa yana ta ƙara nisa. Daga nan ta tuɓe ankon ta rataye a igiya, ta ɗora ruwa, ta wanke tsohuwa, ta wanke tabarma. Ba da daɗin rai ta yi ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Guna-guni take, har ta ce wa Allah, "To, ka tafi da su, ni ga nawa Galilin a bahon wanki." Ta dama koko ta zauna tana ba ta a baki. A cokali na huɗu ko na biyar, tsohuwa ta riƙe mata hannu, ta dube ta sosai kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya, ta kira sunanta, ta ce, "Afiniki, ke kin ci?"

Cokalin ya faɗi. Ta waiga ta ga ko wani ne ya shigo, ba kowa sai kaza a bakin ƙofa. Ƙirjinta ya ɗauki zafi kamar an hura gawayi a ciki. Ta ce, "Inna, me kika ce?" Amma tsohuwa ta riga ta koma cikin ruɗunta, tana tambaya ko an ba akuya ruwa. Matar ta tuna wata mai kuka a bakin kabari da safiyar tashin Almasihu, ita ma ba ta gane shi ba sai da ya kira sunanta. Duk da haka ta kasa yanke hukunci, tsufa ne ya mantar da tsohuwa kunya, ko wani ne ya ari bakinta. Da yamma ayari ya sauko, ƙafafu duk ƙura, suna ta cewa, "Ayya mai ƙuli, kin yi asarar Galilin bana!" Sai ta ce, "Ku shigo ku sha ruwa."

Ni ma ban gama gane misalin nan ba, kuma ban ce ki daina zuwa sujada ba. Sai dai in kina shafa wa yaran nan ruwan sanyi a goshi, ki bar kunnenki a buɗe. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.